Baba, ɗan matsa, ka shigo mana hoto

Awa uku da rabi na yi ina hawa kafin na kai sama. Gwiwa ta fara kuka, riga ta jiƙe sharkaf, ruwan gora ya yi ɗumi kamar na wanka. Na sami wani faffaɗan dutse a bakin gangare na zauna, na cire takalmi ina zazzage tsakuwa. Ban ko gama mayar da numfashi ba sai na ji an taɓa mini kafaɗa.

"Sannu Baba. Don Allah ɗan matsa can, ka shigo mana hoto."

Da na waiwaya, ashe layi ne a bayana. Mutum goma sha wani abu, kowa da waya a hannu, suna jiran wannan dutsen da na zauna a kai. Na ce, "To ɗana, yi haƙuri," na ɗauki takalmina na koma gefe. Yaron mai ladabi ne, har da rusunawa ya yi mini godiya. Ba shi ne ya ɓata mini rai ba.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne abin da na gani daga gefen. Duk wanda layi ya zo kansa sai ya taka zuwa bakin dutsen, ya juya wa kwarin baya, ya ware hannuwa, a ƙyasta masa sau biyar ko shida, ya dawo da sauri ya karɓe wayar yana duba ko ya fito. Na riƙa kallon agogo, don ni ma akwai sa ido. Babu wanda ya cika minti biyu.

Kuma duk tsawon lokacin nan akwai wata shirwa can ƙasa da ƙafafunmu, tana shawagi a kan iskar da ke tasowa daga kwarin, ko fiffike ba ta kaɗawa. Gadon bayanta muke hange, abin da mutum zai shekara hamsin a ƙasa bai taɓa gani ba. Gashin bakin fukafukanta a ware kamar yatsu, jelarta tana murɗawa dama, tana murɗawa hagu, da ita take tuƙi. Ta fi minti goma tana haka. Mutanen da suka sha wahalar awa uku da rabi suka iso nan, babu wanda ya gan ta, domin a bayansu take.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu, kada a ce na yi kwana-kwana. Ɗaukar hoto a kan dutse ba laifi ba ne, ni ma ina ɗauka. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya baro gida da hoton a cikin kansa, wanda ya gani a Instagram, ya hau dutse don kawai ya kwafo shi da fuskarsa a tsakiya. Wannan mayar da tsauni labulen gidan hoto ne. Tunda kuma abin ya wuce halin mutum ɗaya ya zama na dubbai, har ƙasa tana zaizayewa a ƙarƙashin tafin ƙafarsu, ina goyon bayan a ƙayyade yawan masu hawa a wuraren da ba sa jure taku, a kuma rage manna ainihin wurin kowane lungu mai kyau a intanet.

Na san abin da za a ce mini. An riga an faɗa mini mafi yawansa, wasu ma a fuska.

"Ai hoto ne ya ceci dazuzzuka"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma gaskiya ce. A 1861 wani mai ɗaukar hoto, Carleton Watkins, ya ɗora wata ƙatuwar kyamara da faifan gilashi, irin wanda ake ɗaukar hoto a kansa a lokacin, a kan alfadarai ya shiga kwarin Yosemite a Amurka. Hotunan da ya fito da su sun kai hannun 'yan majalisa a Washington, mutanen da ba su taɓa taka wurin ba. A 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Lincoln ya sa hannu a dokar da ta keɓe kwarin don amfanin jama'a. Haka aka sake yi da Yellowstone: William Henry Jackson ya ɗauko hotunansa a 1871, a 1872 aka mayar da shi gandun ƙasa, na farko a tarihin ƙasar. Gani ya kori ji. Da baki kawai aka je ana ba da labarin ruwan zafi mai tsartuwa sama daga ƙarƙashin ƙasa, da an ce maƙaryata ne.

To amma a dubi yadda mutanen nan suke ɗaukar hoto. A watan Afrilu na 1927 Ansel Adams, yana ɗan shekara ashirin da biyar, ya hau wani tsololon dutse a Yosemite don ya fuskanci tsaunin Half Dome. Faifan gilashi goma sha biyu ya ɗauko a bayansa. Kafin ya kai inda yake so, saura biyu. Ya zauna ya jira rana ta karkata ta haska fuskar dutsen, ya ɗauki na farko da ruwan ɗorawan gilashi a bakin kyamara. Nan take ya gane cewa hoton zai fito daidai da abin da ke gabansa, amma ba zai fito da abin da yake ji a ransa ba. Sai ya sauya ya sa jan gilashi, wanda ke mayar da shuɗin sama baƙi ƙirin, ya ɗauki na ƙarshe. Shi ne hoton da ya fito da sunansa.

Mutumin da faifai biyu suka rage masa dole ya kalli dutse. Dole ya san inda inuwa za ta faɗa nan da rabin awa, ya san wace tsaga ce za ta yi duhu, wace za ta yi haske. Ƙarancin kayan aiki ne ya tilasta masa lura. Mu kuwa da ke yawo da wayar da za ta ɗauki hoto dubu ba ta gaji ba, mun ɗora wa na'urar aikin kallon, mun ce in mun koma gida ma duba. Kuma ba ma dubawa. Kowa ya buɗe wayarsa ya ƙirga hotunan tafiyar bara da bai sake buɗewa ba.

Akwai kuma wani abu game da hotunan Watkins da ba a cika faɗa ba. Kwarin da suka nuna shiru, babu kowa, kamar ranar da aka halicce shi, yana da mutanensa. Shekara goma kafin zuwansa, a 1851, wata rundunar sa-kai ta shiga ta fatattaki 'yan asalin wurin, ta ƙona musu matsugunai da rumbuna. Hoto yana nuna abin da aka saita shi a kai, sauran kuwa yana yanke shi ya zubar. Haka hotunan yau suke. Ka ga mutum shi kaɗai a bakin dutse, duniya shimfiɗe a gabansa, ka ce ya sami kaɗaici. Taku uku a bayan mai ƙyastawar akwai layi, da ledoji, da wani dattijo riƙe da takalmi ɗaya.

"Ku marubuta ku kuka fara"

Wani abokina mai kyamara ne ya jefo mini wannan, kuma ta same ni a inda ke ciwo.

A ƙarni na 18 masu yawon buɗe ido a Ingila suna da wani ɗan madubi mai duhu, mai ɗan tudu a tsakiya, da ake sakawa a aljihu. Sunan wani mai zane Bafaranshe, Claude Lorrain, aka laƙaba masa, don yana sa wuri ya yi kama da zanensa. Yadda ake amfani da shi kuwa, sai ka je gaban tafki ko tsauni, ka juya masa baya, ka ɗaga madubin, ka kalli wurin a ciki ya ƙanƙance ya yi laushin launi. Ka ji fa, juya baya. Mawaƙi Thomas Gray ya je yankin tafkuna na arewacin Ingila a 1769 da irin wannan madubi, kuma shi da kansa ya rubuta cewa ya faɗi ta baya a wata hanya mai datti da madubin a buɗe a hannunsa, ya ƙuje gaɓoɓin yatsu. A 1778 wani Thomas West ya fitar da littafin jagora wanda ya jera wuraren tsayawa ɗaya bayan ɗaya: tsaya nan, fuskanci can, ga abin da ya kamata ka gani. Layin da na tarar a kan dutse jikan wannan littafi ne.

Har wanda ake yawan kira uban masu hawa dutse don kallo bai tsira ba. Petrarch, mawaƙin Italiya, ya ba da labari a wata wasiƙa cewa ranar 26 ga Afrilu 1336 ya hau tsaunin Ventoux a kudancin Faransa, mai tsayin kimanin mita 1,900, shi da ƙaninsa, ba don komai ba sai son ganin abin da ake hangowa daga can. Da ya kai sama ya ɗan dudduba, sai ya zaro littafin Augustine, wani malamin addinin Kirista na dā, daga aljihu, ya buɗe, idonsa ya faɗa kan wurin da ake zargin mutane da zuwa mamakin tsaunuka da teku suna mance kawunansu. Ya ji kunya, ya rufe littafin, bai sake cewa uffan ba har suka sauko. Masana suna jinjina wa wannan wasiƙa, wasunsu kuma suna ganin daga baya ya tsara ta a kan tebur. Ni dai abin da na gani a ciki shi ne mutum ya yini yana hawa, da ya kai sai ya sa takarda tsakaninsa da dutsen.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Lokacin da nake zaune a gefe ina ƙirga wa yaran nan minti, me nake yi? Jimloli nake ƙullawa a raina. Wannan maganar ta fukafukai kamar yatsu, tun a can na ƙera ta, ina juya ta ina jin daɗinta, shirwar tana gabana. Ashe ni ma da madubina na hau. Bambancin kawai, nawa ba ya buƙatar caji.

Saboda haka na yarda, cutar ta girmi waya. Amma tsufan cuta ba ya mayar da ita lafiya. Kuma akwai bambancin da ba za a share ba: littafin West sai wanda ya iya karatu, yake da kuɗin keken doki da hutun makonni. Hoto ɗaya a yau yana shiga aljihun mutum miliyan kafin rana ta faɗi, da taswirar da za ta kai kowannensu kan wannan dutse ɗaya tak.

Abin da ƙafa ke yi wa dutse

Mutane suna ɗauka dutse ba ya jin komai. Dutsen kansa wataƙila, amma abin da ke kansa yana ji.

Ka lura da turba a kan tudu bayan ruwan sama. Tsakiyarta ta yi taɓo, sai mai tafiya ya ɗan kauce ya taka ciyawar gefe don kada takalminsa ya ɓaci. Na bayansa ya bi sawunsa. Kafin damina biyu ciyawar ta mutu, ƙasar ta daddale ba ta shan ruwa, turba ɗaya ta zama uku. Ruwa kuwa ba ya neman izini, duk inda ya ga tsiraicin ƙasa a gangare nan yake bi, ya kwashe ta ya bar kwazazzabo. A can sama, inda sanyi da iska suka yi yawa, tsiro ba ya saurin dawowa. Kowane mita dubu ka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri shida da rabi, lokacin tsiro yana gajarcewa. Waɗannan tabbai masu launin kore da rawaya da ke manne a jikin duwatsu kamar an zana taswira, rayayyu ne, kuma wasunsu ba sa ƙara ko milimita ɗaya a shekara. Wanda ya kai faɗin tafin hannu ya girmi kakanka. Takalmi ɗaya yana kankare shi.

Yanzu a ninka wannan. A Norwe akwai wani dutse da ya zuro kamar harshe a saman wani tafki, da tazarar kimanin mita 700 tsakaninsa da ruwan. Sunansa Trolltunga, wato harshen dodo. Kafin 2010 masu zuwa wurin ba su kai 800 a shekara ba. A 2016 sun haura 80,000. Tafiyar kilomita 27 ce zuwa da dawowa, yini guda cur, kuma a ƙarshenta layi ake bi don a hau harshen a ɗauki hoton da kowa ya riga ya gani. Dutsen yana nan tun kafin a haifi kowa, hanyar ma tana nan. Hoton ne ya yaɗu.

A Japan abin ya kai inda ya zama abin dariya. Wani gari a gindin tsaunin Fuji ya gaji da masu cika titi suna ɗaukar tsaunin ta saman rufin wani kanti, har a watan Mayu na 2024 hukumar garin ta kafa baƙin labule mai tsawon mita 20 don ta toshe kallon. Cikin 'yan kwanaki aka huhhuda shi daidai girman idon kyamara. A shekarar ne kuma aka kafa ƙofa a babbar hanyar hawa tsaunin, aka ce mutum 4,000 kawai a rana. A Jackson Hole ta Amurka, tun 2018 hukumar yawon buɗe ido ta roƙi baƙi su daina saka ainihin wurin da suka ɗauki hoto, bayan wani ɗan tafki da a da sai ɗaiɗaiku ke zuwa ya cika da jama'a.

Ga kuma rai. Wani bincike da aka buga a 2018 ya ƙirga mutum 259 da suka mutu wajen ɗaukar hoton kansu daga ƙarshen 2011 zuwa ƙarshen 2017, nutsewa a ruwa da faɗowa daga sama suna cikin manyan dalilai. Ba abin mamaki ba ne. Wanda ya juya wa gangare baya yana kallon fuskarsa a waya, da me zai ga inda dugadugansa suke?

Za a ce mutanen gindin dutse da baƙin nan suke ci: masu jagora, 'yan dako, masu masauki. Haka ne, kuma ba na raina wannan. Sai dai duk mai jagoran da na taɓa hira da shi ya fi son baƙon da zai kwana biyu ya yi tambaya, a kan motoci goma da za su sauke mutane su ƙyasta su wuce. In wurin ya lalace, masu hoto za su koma wani dutsen da ake yayi. Shi kuwa nan gidansa yake.

"Kana so ne dutsen ya zama naka kai kaɗai"

Wannan zargin yana da tarihi, kuma tarihin ba ya goyon bayana.

William Wordsworth, wanda waƙoƙinsa suka sa duniya ta san yankin tafkunan Ingila, har littafin jagora ya rubuta wa masu ziyara. Amma a 1844, da aka ce za a ja layin dogo zuwa Windermere da ke wannan yankin, sai ya tashi haiƙan yana rubuce-rubuce a jarida yana adawa. Cikin hujjojinsa har da cewa talakawan birni ba su da tarbiyyar da za su amfana da irin wannan kyau farat ɗaya. Shi ya kira mutane, da suka amsa kuma ya ce ba irinsu yake nufi ba. An buɗe layin a 1847.

Bayan kusan shekara casa'in, ranar 24 ga Afrilu 1932, ɗaruruwan ma'aikata, akasarinsu matasa daga Manchester da Sheffield, suka hau tudun Kinder Scout da gangan, wanda masu ƙasa suka killace don harbin tsuntsaye na 'yan kwanaki a shekara. Aka yi dambe da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar. Sai a 1949 aka yi dokar gandun ƙasa, a 1951 yankin ya zama na farko da aka keɓe, cikakken 'yancin ratsa irin waɗannan tuddai kuwa sai da dokar shekarar 2000. Mutanen da suka yini shida a cikin hayaƙin masana'anta ne suka ƙwato wa kowa damar shan iska ranar hutu.

Don haka duk wanda ya buɗe baki ya ce jama'a sun yi yawa a kan dutse, ya kamata ya tsaya ya saurari kansa, ko muryar Wordsworth ce ke fita. Na saurari tawa. Ga inda na tsaya: in za a ƙayyade, kada a ƙayyade da kuɗi. Ƙofar da kuɗi ke buɗewa, mai kuɗi kawai take tacewa, kuma takalmin mai kuɗi ba ya fi na talaka sauƙi a kan ciyawa. A yi da ƙuri'a, ko da rajista tun kafin a zo, ko a rufe wuri na wani lokaci ya huta, kowa da kowa ya haƙura. A kan Everest, tsaunin da ya fi kowane tsawo a duniya, kuɗi mai yawa ake biya, amma ai kowa ya ga hoton da wani mai hawan tsaunuka, Nirmal Purja, ya ɗauka a watan Mayu na 2019: mutane jere a kan siririn doron ƙanƙara sama da mita 8,000, inda iskar da ake shaƙa ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na ta ƙasa ba, suna jiran layi. Mutum goma sha ɗaya suka mutu a tsaunin a lokacin hawa na wannan shekarar.

Kuma duwatsu ba su yi kaɗan ba. Ranar da aka tashe ni, da na gaji da kallon layi na bi doron tudun na yi tafiyar minti ashirin. Babu kowa. Kwari ɗaya ne, rana ɗaya, iska ɗaya. Abin da wurin ya rasa kawai shi ne ba a taɓa yayinsa ba. Cunkoson nan da muke kuka da shi, rabinsa cunkoson kwaikwayo ne.

"To in ban ɗauka ba, da me zan tuna?"

Wata mai bincike a Amurka, Linda Henkel, ta gwada wannan, aka buga sakamakon a 2014. Ta zagaya da ɗalibai gidan adana kayan fasaha, ta ce wasu abubuwan su kalla kawai, wasu su ɗauki hotonsu. Washegari da aka tambaye su, abubuwan da suka ɗauka a hoto su ne suka fi mancewa. Amma akwai ƙarin da ya fi ba ni sha'awa. Inda aka ce su matso da hoton su ɗauki wani ɗan sashe kawai, mantuwar ba ta same su ba, har sassan da ba su shiga hoton ba sun tuna. Gidan kayan tarihi ba tsauni ba ne, kuma ba zan ɗora wa gwaji ɗaya kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Sai dai ya yi daidai da abin da duk mai ɗaukar hoto na gaske zai gaya maka: in ka tsaya zaɓen abin da za ka ɗauka, dole ka kalla.

Shi ya sa ba na cewa a bar kyamara a gida. Mai jiran haske da asuba, yatsunsa sun ƙage don sanyi, yana kallon yadda rana ke fara taɓa ƙololuwa tana gangarowa kamar ana zuba mata ruwan zinariya, wannan ya fi ni ganin dutse. Ya san cewa tsakar rana tana baje tsauni ta mayar da shi allo, safiya da yamma ne ke fito da ƙwarangwal ɗinsa. Ya san dalilin da tsaunin da ya cika maka ido yake fitowa kamar tsibin ƙasa a waya. Kuma akwai tsohuwa a gida da ba za ta taɓa hawa ba, akwai mai keken guragu, akwai yaron da hoto ɗaya zai sa wata rana ya ɗaura takalmi. A kai musu. Amma a kai musu abin da aka gani da ido.

Ranar 29 ga Mayu 1953, da Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka kai ƙololuwar Everest, kimanin minti goma sha biyar suka yi. Hillary ya ɗauki Tenzing riƙe da gatarin ƙanƙara, ya ɗauki gangaren kowane ɓangare don shaida. Shi kansa ba shi da hoto a wurin ko ɗaya. Ban taɓa jin wanda ya ce saboda haka bai je ba.

A Suratul Gashiya, inda aka yi maganar raƙuma da sama da duwatsu da ƙasa, tambayar da aka yi ita ce shin ba sa dubawa, kuma kowane ɗaya an haɗa shi da kalmar yadda: duwatsu, yadda aka kafa su. Kalmar Larabcin da aka yi amfani da ita, daga tushenta muka samo nazari. Duban yadda abu yake ba ya yiwuwa a minti biyu, balle da ƙeya.

Wata marubuciya 'yar Sikotlan, Nan Shepherd, ta shafe rayuwarta tana yawo a tsaunukan Cairngorm, waɗanda mafi tsayinsu bai wuce mita 1,309 ba. Ta rubuta ɗan ƙaramin littafi a kansu a shekarun 1940, ta jefa shi a aljihun tebur, bai fito ba sai 1977. Ta ce da tana yarinya ƙololuwa take hari, daga baya ta koyi zuwa wurin dutse kamar yadda ake zuwa wurin aboki, ba da wata buƙata ba. Tana kwana a can, tana tafiya ba takalmi a kan ciyawa, tana leƙa ƙasan tafki. Littafin da ya jira shekara talatin bai tsufa ba, domin ba yayi ta bi ba.

A hanyar sauka, wadda ta fi hawa cin gwiwa, na sake cin karo da yaron nan da abokansa suna hutawa a inuwar wani dutse. Ya miƙe ya ba ni wuri. Na ce, "Ɗana, ka kuwa ga shirwar nan?"

"Wace shirwa, Baba?"

Na gaya masa. Ya zaro waya ya shiga jan hotunan da yatsa, ya tsaya a kan ɗaya, ya sa yatsu biyu ya buɗa shi, ya ƙara buɗawa. Can ƙarƙashin hammatarsa ta hagu, ga wani ɗan baƙin ɗigo mai fukafukai.

"Wallahi ga ta nan! Kai, ku zo ku gani!"

Suka taru a kan wayar su biyar, kai da kai, suna ta mamaki. Ya ce in ba shi lambata ya turo mini. Na ba shi.